Katin da na daina nunawa

Shekara huɗu ke nan Duna yana tare da ni a nan Amurka. Baƙin kare ne jinsin Labrador, aikinsa kuma guda ɗaya: da zarar sukarin jinina ya fara sauka, sai ya zo ya dungure ni da hanci a gwiwa, ba ya ƙyale ni sai ya ga na ciro na'urar gwaji.

A satinsa na farko mai tsaron ƙofar wani gidan abinci ya tare mu, wai ina katin karen. Ba ni da kati. Na koma gida raina a ɓace, na shiga intanet, kafin minti goma na biya kuɗin wani mai hoto da lamba da tambari kamar na hukuma. Ba wanda ya tambaye ni ko Duna ya taɓa samun horo. Ina jin ko hoton akuya na tura da sun buga mini.

Daga baya na gane cewa iska na saya. Gwamnatin tarayya ba ta da wata rajistar karnukan taimako. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ADA, tun 1990 take, kuma a ƙa'idojin da Ma'aikatar Shari'a ta sabunta a 2010, karen taimako shi ne wanda aka horar ya yi wa mai lalura wani takamaiman aiki. Tambaya biyu kacal aka yarda mai shago ya yi, su ma sai in aikin karen ba a fili yake ba: shin saboda lalura ake tafe da shi, kuma wane aiki aka koya masa? Ba shi da hurumin neman kati ko takardar likita, ko ya ce a sa karen ya gwada aikin a gabansa. Rigar nan mai alama da ake sa wa karnukan taimako ma ba dole ba ce. Amma in kare ya gagari mai shi, ko yana ɓata wuri, ana iya cewa a fita da shi.

Karen da ake kai wa asibiti ko makaranta don ya kwantar wa mutane da hankali, zancensa daban ne. Shi sai an gayyace shi yake shiga, katin da ƙungiyar da ta gwada shi ta ba shi kuma ba ya buɗe masa ƙofar kanti. Su kuwa dabbobin ɗebe kewa, waɗanda zamansu kusa da mai su kawai ke kwantar masa da hankali ba tare da an koya musu wani aiki ba, daga Janairun 2021 kamfanonin jiragen sama sun sami damar ɗaukarsu a matsayin dabbobin gida kawai. A jihar Kalifoniya, wanda ya yi ƙaryar karensa na taimako ne yana iya shan ɗaurin wata shida ko tarar dala 1,000.

Duk da na san haka, na ci gaba da nuna katin, don gaskiya yana rage mini surutu. Abin da ya canja mini ra'ayi wata mata ce makauniya da muka haɗu a ɗakin jira. Karenta ya fi nawa horo nesa ba kusa ba, amma an hana ta shiga wani kanti, ma'aikacin yana ce mata ai wasu da kati suke zuwa. Jikina ya yi sanyi. Irina ne muka koya masa haka.

Yanzu katin yana cikin durowa. In an tare ni, sai in ce, "Eh, karen taimako ne, yana sanar da ni in sukarina ya sauka." Wani lokaci sai an kira manaja. Jiya ma haka aka yi, muka tsaya kusan minti biyar a bakin ƙofa, Duna yana kwance a kan ƙafata, ko kallon kajin da ake wucewa da su a faranti bai yi ba.