Mota mai tuƙa kanta a hanyar Magariya

Jiya muna dawowa Damagaram cikin hazo, direbanmu ya taka birki tun ban ga komai ba. Ashe amalanken jaki ne, ba fitila. Na ce, "Malam, yaya ka gane?" Ya ce ranar kasuwa ce, dole su fito.

Motoci masu tuƙa kansu da kyamara da na'urar rada da hasken leza suke gani, ƙura kuwa tana dusashe kyamara da leza. A 2018 a Tempe ta Amurka, motar gwajin kamfanin sufuri na Uber ta hango wata mata tana tura keke da dare, ta kasa tantance mece ce gabanta, ta kaɗe ta har lahira. Can fa titi na da layi. Mu nan rairayi ya cinye gefen kwalta, raƙuma na tsallakawa yadda suka ga dama.