Gona da Alƙalami a Safiya Guda

Shekaru huɗu ke nan da na koma zama a gona, da niyyar in ci abin da hannuna ya shuka, in rabu da jiran albashi, in kuma sami lokacin rubutun da aikin ofis ya daɗe yana hana ni. Abinci kam na samu har da rara. Lokacin rubutun ne ya gagara, kuma na jima kafin in yarda cewa laifin ba na lalaci ba ne.

Dabba ba ta san ranar hutu ba. Saniya mai nono dole a tatse ta safe da yamma, ko ana ruwa ko mutum ba shi da lafiya, ciyawa kuma idan aka yi mata sakaci na mako guda sai ta shaƙe shuka. Littafi kuwa ba ya kuka. Idan na yi wata ban buɗe shi ba, babu abin da zai mutu a gabana, saboda haka kullum shi ake ɗagewa zuwa dare. Da dare kuma tafin hannuna ya yi kanta, yatsuna sun sage, sai in riƙe alƙalami kamar ƙotar fartanya, kafin in kai layi na uku barci ya kwashe ni a kan takardar.

Ba ni ne farau ba. A 1841 marubucin Amurka Nathaniel Hawthorne ya shiga gonar haɗin gwiwa ta Brook Farm a jihar Massachusetts, yana fatan noma zai ba shi natsuwar rubutu, amma ya ƙare da kwasar taki, bai cika shekara ba ya tattara ya tafi. Waɗanda suka fi ba ni abin tunani su ne Helen da Scott Nearing, wasu marubutan Amurka da suka koma karkarar jihar Vermont a 1932. Sun ƙayyade wa aikin neman abinci awa huɗu a yini, suka ware wasu huɗu ga karatu, rubutu da kiɗa. Na daɗe ina mamakin yadda tsarin ya ɗore musu, sai daga baya na lura cewa ba su yi kiwon dabbobi ba ko kaɗan, ga shi kuma suna da abin sayarwa da ke kawo musu kuɗi.

A bara na sayar da saniyata. Ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na shaƙu da ita, kuma duk ranar da na sayi madara ina jin kamar na karya wani alkawari da na ɗaukar wa kaina. Na rage faɗin gonar da rabi, na bar kaji kawai. Yanzu awa biyu na farkon safiya, lokacin da kaina yake garau, na littafin ne, kuma ba na buɗe wa kajin ƙofa sai na cika shafi.