Injin gashi ya san ma'auninsa, maganin fa?

Sau 28 aka yi wa yayana gashin kansar dubura, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken inji, Litinin zuwa Juma'a, kowace rana gire 1.8, jimla gire 50.4. Gire shi ne ma'aunin hasken da naman jiki ya sha. Ni nake raka shi, kuma tun ranar farko tsantsenin ma'aikatan ya kama min hankali. An ɗiga masa 'yan alamomi a fata, kullum a kwantar da shi a kan su daidai, a ɗauki hoto kafin a kunna inji. In ya goce da 'yan milimita, sai a matsar da gadon.

A ƙugunsa kuma akwai 'yar na'ura mai tura masa maganin 5-FU ta jijiya dare da rana. Tsohon magani ne, tun 1957 Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka samar da shi. Idan aka haɗa shi da gashi, yana hana ƙwayoyin kansar gyara ɓarnar da hasken ya yi musu, sai gashin ya fi kama su. Da na tambayi yadda aka san adadin da ya dace da shi, sai aka ce daga tsawonsa da nauyinsa ake lissafa faɗin fatar jikinsa. Daga baya na gano cewa ɗaya daga cikin dabarun wannan lissafi da aka fi amfani da su, ta Du Bois, a 1916 aka fitar da ita daga awon mutum tara kacal. Har yau abin yana tsaya min a rai.

A mako na uku jikinsa ya rikice. Bakinsa ya yi gyambo, zawo ya ƙi tsayawa, fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi.

"Yaya, ka daure ka kurɓi ko ruwa ne," na ce masa.

"Ina so, ƙanwata. Bakin ne ya ƙi karɓa."

Aka dakatar da komai, har da gashin. Wannan ya fi tayar min da hankali, don cutar kansa ba ta zuwa hutu. Duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin da suka tsira suna samun sararin hayayyafa, sai lissafin da aka ɗauki kwanaki ana tsarawa ya rage kaifi. Injin bai yi kuskuren ko gire ɗaya ba. Hanji da fatar da hasken ke ratsawa ne suka ji shi fiye da kima, saboda maganin da ya taru a jini ya raunana su tare da kansar.

Da ya ɗan farfaɗo aka mayar da na'urar, sai likitarsa ta sa a auna yawan maganin a jininsa. Awon yana da ka'ida. Ba a ɗibar jinin daga layin da maganin ke shiga, sai wata jijiya dabam, kuma dole a sanyaya shi a garzaya da shi ɗakin gwaji, domin 5-FU kan ci gaba da lalacewa har a cikin kwalbar. Sakamako ya nuna ya haura abin da ake nema. Likitar ta yi mana bayani cewa akwai wani sinadari da ake kira DPD, akasarinsa a hanta, shi ke narkar da kusan kashi 80 cikin ɗari na maganin. Na wasu yana aiki da sauri, na wasu a hankali, kuma tsawo da nauyi ba sa nuna ko wane ne wane.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ɗaya ɓangaren: wanda hantarsa ke saurin share maganin. Shi ba zai yi gyambo ba, kowa zai ce jikinsa ya karɓi magani lafiya, alhali gashin yana tafiya ba tare da cikakken mataimakinsa ba. A Faransa, Erick Gamelin da tawagarsa sun wallafa gwaji a 2008 kan masu kansar hanji, ba tare da gashi ba, inda daidaita 5-FU bisa awon jini ya fi lissafin faɗin fata sakamako, kuma da yawa ƙari suka buƙata, ba ragi ba. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a gwada DPD kafin a fara ba mutum wannan magani. Ina goyon bayan hakan da zuciya ɗaya, kuma ina ganin duk wanda za a ɗaura wa wannan na'ura yana da hakkin ya tambayi likitansa ko za a yi masa awon.

An rage wa Yaya maganin, ba a taɓa adadin gire ba. Bakinsa ya warke a hankali, ya koma cin abinci. Gashi na 28 ya zo bayan ranar da aka tsara da kwana takwas, kuma da ƙafarsa ya taka ya hau gadon.