Makin da ya ƙi goguwa

Ma'aji ya iso zaure tun da hantsi da wayarsa a hannu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, jiya na cire makin 'ya biya' daga gaban sunan mutum biyu, domin buhunan da suka kawo ba su cika ba, amma yau da na buɗe shafin sai na tarar makin yana nan daram." Na karɓi wayar na gwada a gabansa, na tarar haka abin yake. Ya tafi gona yana tsokanar Auta, wanda ya gina shafin, cewa shafinsa ya fi shi tausayin masu bashi, muka yi dariya.

Dariyar ba ta jima ba, domin bashin takin da ƙungiya ta raba wa manoman shinkafa a nan yankin Auyo da shanshera ake biyansa, kuma wannan shafin ne shaidar wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Yadda Auta ya gina fom ɗin shi ne, kowane manomi yana da layinsa mai gurbi uku, kuma sunan kowane gurbi yana ƙarewa da lambarsa, kamar taki_17 da buhu_17 da biya_17, inda na biyan akwati ne da ake yi wa maki. Idan fom ya isa uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, sai manhajar ta bi sunayen da ke cikin $_POST, inda ake tara abin da fom ya kawo, ɗaya bayan ɗaya, ta tsinci waɗanda suka fara da biya_ ta hanyar umarnin str_starts_with, wanda ya shigo PHP, harshen da aka rubuta manhajar da shi, a fitowa ta 8.0 a shekarar 2020, sannan ta yanke ɗafa-goshin, wato biya_ ɗin, abin da ya rage ya zama lambar manomi. Dabara ce mai kyau, domin ko an ƙara mutum ɗari babu buƙatar taɓa manhajar.

Matsalar tana cikin ƙa'idar HTML kanta, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, wadda ta ce akwatin da ba a yi wa maki ba, burauza ba ta aika shi ko kaɗan. Saboda haka lokacin da Ma'aji ya cire makin, sunan biya_17 bai ma bar wayarsa ba, manhajar ba ta gan shi ba, tsohon bayanin kuma ya zauna a rumbun bayanai yadda yake.

Bayan azahar muka zauna da Auta, kuma a nan ranar ta ƙare. Ya ce, "Yaya, abin mai sauƙi ne. A sa ɓoyayyen gurbi mai suna iri ɗaya, ɗauke da 0, kafin kowane akwati. Idan sunaye biyu suka zo iri ɗaya, PHP na ƙarshe yake riƙewa." Gaskiya ya faɗa, kuma Rails, wani tsarin gina shafukan intanet, ma haka yake yi. Amma na tuna masa cewa PHP yana da iyaka mai suna max_input_vars, wadda aka sa tun fitowa ta 5.3.9 a 2012, kuma idan ba a canza ta ba, gurbi 1000 kawai yake karɓa, sauran ya watsar, ya bar gargaɗi a wurin da Ma'aji ba zai taɓa leƙawa ba. Da gurbi uku a layi, mutum 333 ne ke shiga. Idan aka ƙara ɓoyayyen gurbi kuma kowa ya biya, lissafin ya sauko 250, ga shi ƙungiya kullum ƙaruwa take yi.

Ni ra'ayina shi ne a daina tambayar fom abin da ya kawo, a fara daga rajistar da ke rumbu. Malamin da ke kiran suna daga rajista yana sanin wanda bai zo ba, amma wanda ke rubuta waɗanda suka ɗaga murya kawai ba zai taɓa sani ba. Manhajar ta ɗauko lambobin 'yan ƙungiya da kanta, ta haɗa sunan gurbin kowa, ta neme shi, idan babu biya_17 ta rubuta bai biya ba. Wannan kuma yana rufe wata ƙofar, domin duk wanda ya san kan burauza yana iya aiko da suna irin biya_900 ko wani shirme, kuma mai tsinta da ɗafa-goshi zai karɓa hannu bibbiyu muddin ba a tantance abin da ya biyo bayansa ba.

Auta ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, idan iyakar nan ta yanke ƙarshen fom fa? Ai ta hanyarka duk na ƙasa za su koma ba su biya ba, alhali sun biya." Yaron ya fara kaifi. Na ce masa gurbin rubutu ana aika shi ko babu komai a ciki, don haka idan aka rasa buhu_17, alama ce cewa layin bai iso ba, sai a ƙi adana komai, a gaya wa Ma'aji dalili a fili. Ya amince a raba shafin mutum 50 a kowane ɓangare, sauran kuma ya ce sai ya kwana a kansa.

Wuta ba ta dawo ba, batirin kwamfuta ya ƙare kafin magariba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutum biyun nan Ma'aji ya gano su ne domin ya sake dubawa. Tun da aka fara karɓar shanshera ya sha cire maki a wasu layukan bai waiwaya ba, kuma rumbun bai ajiye tarihin gyare-gyaren ba. Na aika masa ya zo da littafinsa na takarda gobe bayan asuba, mu bi sunayen tun daga na farko.