Kwalbar da aka rubuta wa TBOA kawai

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji bayan shekara huɗu. Akwai maganar da ban taɓa yi a taron ranar Litinin ba, bari in yi ta yanzu saboda masu shigowa.

A shekarata ta biyu, aikina shi ne in rage wa astirosayit, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu kula da niyuron (ƙwayoyin jijiya), ƙarfin kwashe gulutamet kaɗan, in ga iya abin da niyuron za su jure. Gulutamet sinadari ne da niyuron ke aika saƙo da shi, amma in ya taru yana kashe su. Kun san furotin ɗin da ake kira GLT-1, a jikin astirosayit, shi ke ɗauke da mafi yawan wannan shara a ƙwaƙwalwa; ɓerayen da aka cire wa shi a Japan a 1997 farfaɗiya ce ta riƙa kashe su. Awon maganin toshe shi ke nan shi ne aikin gaba ɗaya. Oga ya buɗe firiza, ya miƙo min 'yar kwalba da ya rubuta wa TBOA, sunan maganin, da alƙalamin maka, ya ce in zuba maikuromola 10 (ma'aunin yawan magani a ruwa ke nan). Na ce to.

Sati uku ina renon ƙwayoyin nan, niyuron da astirosayit, cikin faranti a inkubeta, ina canja musu ruwa kamar mai jego. Washegarin zuba maganin na leƙa madubi, gabana ya faɗi. Jikinsu ya kumbura, rassan sun yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wasu ma sun saki gindin faranti suna yawo a ruwa. Na sake shuka wasu, haka. Na uku ma haka. A gaban kowa Oga ya ce hannuna ne ba shi da tsabta, ya haɗa ni da sababbin ɗalibai in sake koyon riƙe fifet, bututun auna ruwa. Na koya, ban ce uffan ba.

Matar da ke yi mana odar kaya ce ta warware zancen. Tana duba littafinta ta ce ai an jima ba a sayi DL-TBOA ba, abin da ke firiza TFB-TBOA ne. Wa da ƙane ne, duka daga hannun Keiko Shimamoto ta cibiyar Suntory a Osaka, ɗaya a 1998, ɗaya a 2004. Sai dai na farkon yana toshe rabin aikin GLT-1 a wajen maikuromola 6, na biyun kuwa nanomola 17 ta ishe shi, kuma nanomola dubu ce maikuromola ɗaya. Ashe abin da nake zubawa ya ninka hakan kusan sau 600. Gulutamet ya taru ba mai kwashewa, kalsiyam ya yi ta kwarara cikin niyuron har suka mutu.

Da na kai wa Oga littafin, ya duba, ya ce, "Ai da ka tambaya." Shi ke nan. Wata biyar ya tafi a banza, kuma bai taɓa gyara maganar hannun nan a taro ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ku ɗauki maganin PDC a matsayin TBOA, shi shiga ƙwayar yake ya turo gulutamet waje. In GLT-1 kaɗai kuke son toshewa, ga maganin DHK. In GLAST ne, ɗan'uwan GLT-1, maganinsa UCPH-101. Ku ajiye farantin da kuka zuba wa DMSO zalla, ruwan da ake narkar da maganin a ciki, ko da Oga ya ce ɓata lokaci ne. In kuma Inna ta tambaya ko farin magi kuke bincike, ku ce mata kusan haka ne, ya fi sauƙi.

Takardarmu ta fito bara, da awon da na gyara da kaina, sunan Oga yana gaban nawa. Kwalbar tana nan a aljihu na biyu na firiza. Na rubuta mata cikakken suna da jan maka, nasa rubutun kuma ban goge ba.