Mun gina rumbu kafin mu yi shuka

A ƙarshen watan Maris na 2020, da gwamnatin Kaduna ta rufe masallatai da majami'u saboda korona, ni ne mataimakin magatakardan zumuntar matasa a ikilisiyarmu, kuma ni kaɗai ke da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan sauran numfashi. Baba Fasto yakan zauna a falonsa ya yi wa'azi, a ɗauka da waya, ni kuma in rarraba ta WhatsApp. Da aka buɗe wuraren sujada sai kaina ya ɗau zafi. Na je gaban dattawan ikilisiya na ce lokaci ya yi da za mu mallaki shafinmu na intanet.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mun ji. To wa zai riƙa share shi?" Aka yi dariya, har da ni. Na ce, "Baba, ba ya yin ƙura." Ya gyaɗa kai bai ƙara cewa komai ba.

Gina shafin bai ba ni wuya ba. Abu uku ne: suna, wurin ajiya, da manhajar da za ta riƙe rubutu da hotuna. Muka sayi suna mai ƙarewa da .org.ng ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Muka kama hayar wurin ajiya, na ɗora WordPress. Cikin mako biyu na cika shafi da tarihi: zuwan 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham a 1893, aikin ƙungiyarsu ta mishan, SIM, kafuwar ɗarikarmu ta ECWA a 1954, hedikwata a Jos. Na sa hoton majami'a, na sa na mawaƙa cikin anko.

Ranar da na haska wa dattawa a bango, kan wa'azin farko ya kamata ya fito "Ɗan Allah". Abin da ya fito shi ne wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, sannan "an Allah". Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, akwati ne zaune. Salon haruffan da na zaɓa don kyansa bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Na sauya zuwa Noto Sans aka wuce wurin, amma har yau in na yi kuskure matasa sukan ce mini "akwati ya dawo".

Inda na cije shi ne shafin da na sa wa suna "Shirye-shiryenmu". Na zaci zan je ofis in karɓi takarda in kwafe. Babu takardar. Tsarin zumuntar mata yana cikin wani littafin rubutu a jakar Uwar Zumunta. Na makarantar Lahadi yana kan malami ɗaya. Namu na matasa kuwa sai ranar ta matso muke tunawa. Da na tattara su a wuri ɗaya, sai ga wata Asabar a Nuwamba ɗauke da abu uku: taron mata, fita bishara ta matasa, da gwajin waƙar godiyar kaka, kuma dukansu sun dogara ga mota ɗaya da janareto ɗaya. Shekara da shekaru haka muke ta cin karo, kowa na cewa Shaiɗan ne.

Na kai wa Baba Fasto takardar. Ya daɗe yana dubawa, ya tuna mini da maganar nan ta Luka sura 14, ta mai son gina hasumiya da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. A Janairun 2021 ya tara shugabannin kowace ƙungiya, muka wuni da allo da alli. Duk wanda ya kawo shiri sai ya faɗi wanda zai riƙe shi da suna, ba "kwamiti" ba, ya faɗi kuɗin da zai ci da inda za su fito. Shiri ashirin da uku muka shiga da su, goma sha ɗaya muka fito da su, kuma ba a rabu ana murmushi ba.

A wannan zaman na koyi abin da kwamfuta ba za ta koya mini ba. Mu matasa mun sa fita bishara a Agusta don lokacin hutun makaranta ne. Uwar Zumunta ta ce, "'Ya'yana, a Agusta wa za ku tarar a gida? Suna gona, kuma rafi ya cika, motarku ba za ta haye ba." Aka mai da ita bayan girbi. Haka aka jera makon tallafa wa masu bishara na EMS, reshen bishara na ECWA, nesa da lokacin biyan kuɗin makaranta, domin aljihu ɗaya ne ake tatsa.

Wa'azi kuma, wanda na ɗauka shi ne mai sauƙi, sai da na sake lale. Na minti 45 yakan kai kusan megabait 43 yadda nake ɗora shi da farko, kuma ba mai ƙona datarsa a kan haka. Da Audacity, manhajar gyaran sauti, na matse shi ya koma wajen 11, murya ba ta lalace ba. Duk da haka mutanenmu ba sa buɗe shafi da kansu. Sai an jefa musu mahaɗi a WhatsApp, tsofaffi kuwa sai jika ya tura musu ta Xender ko ya zuba a katin waya. Masu shiga da ƙafarsu su ne na nesa: yaranmu da ke bautar ƙasa a kudu, sojojin da aka tura Borno, matan da aure ya kai Legas. Kuma wa'azin sujadar Hausa suke saukewa, ba na Turanci ba, alhali ni Turancin na sa a gaba don a ga mun waye.

Kuskurena mafi muni shi ne na hoto. Bayan wata baftisma a ƙauye, na ɗora hoton mai bishara da sababbin masu bi, da sunayensu da sunan garin. Wajen ƙarfe goma na dare waya ta yi ƙara, ɗaya daga cikin manyanmu ne. "Ɗana, kana kusa da na'urarka? Cire hoton nan yanzu, gobe ma yi magana." A cikinsu akwai waɗanda danginsu ba su sani ba tukuna, kuma hanyar garin ta masu garkuwa da mutane ce. Hannuna na rawa na cire. Tun daga ranar ba ma sa sunan ƙauye, ba ma sanar da tafiya sai an dawo, hoton yaro kuma sai da yardar iyayensa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta zo ta tarar da mu a kan haka.

Sai batun sabuntawa. Wani yaro da ya taya ni aiki ne ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa. Ya tafi karatu, wayarsa ta ɓata, duk saƙon tunin biyan kuɗi can yake faɗawa. Ana saura kwana huɗu Ista ta 2022 shafi ya ɗauke ɗif. Da ƙyar muka same shi muka ceto sunan kafin wa'adin alfarma ya ƙare. A shekarar ce kuma bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya da dala, wasu ma suka dakatar, ga shi wurin ajiyarmu na ƙasar waje ne. Muka kwaso kayanmu muka dawo wurin masu karɓar naira. Yanzu komai da imel ɗin ikilisiya yake, kalmar sirri na hannun mutum uku, ranar biya kuma tana rubuce a littafin ma'aji, layi ɗaya da kuɗin wuta.

Masu shara ma an samu. Wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa ke ɗora wa'azi duk Litinin da yamma, magatakarda ke gyara jadawali, ni kuma ina duba abin da ya lalace. Ɓangaren Turanci ne har yanzu ba shi da mai shi, sanarwar Kirsimetin bara ce a kai. Na sa shi cikin abin da za a tattauna a zaman dattawa mai zuwa: ko a samu mai riƙe shi, ko a rufe.