Filin makaranta, gidan wa?

Na karanta tsara birane a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma a zangon ƙarshe na yi aikin sanin makama a ofishin tsare-tsare na wani ƙaramin birni. Yawancin takardun da suka biyo ta hannuna na filayen makarantu ne. A can kowane yanki da hukumar makarantunsa, kuma ita ke da filayen. Haihuwa ta ragu, tsadar muhalli ta kori masu iyali, ajujuwa suka fara zama wayam. Malamai kuwa albashinsu ba ya kama musu haya kusa da inda suke koyarwa, wani sai ya yi tuƙin fiye da awa guda kafin ya shiga aji. Sai aka ce to ga fili a kwance, a sauya masa matsayi a gina gidaje.

Filin ba kaɗan ba ne. Wani bincike da jami'o'in UCLA da Berkeley suka fitar a 2022 ya gano eka kusan 75,000 na hukumomin makarantu da za a iya yin gini a kai. A shekarar ce Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 2295, wadda ta fara aiki a Janairun 2024, ta ba hukumomin damar gina gidajen ma'aikata a filayensu ba tare da bin doguwar hanyar sauya matsayin fili ba. Mu a ofis duk hankalinmu yana kan wannan matakin: taswira, tsayin gini, wurin ajiye motoci, da zaman sauraron makwabta masu tsoron cunkoso.

Abin da ya fi zama a raina daga baya shi ne inda kuɗin ginin ke fitowa, domin shi ke yanke wa zai riƙe makulli. Hukumar makarantun Los Angeles ta ba da filayenta aka gina rukunin gidaje, ciki har da Sage Park a Gardena, da niyyar malamai su samu. An yi ginin ne da tallafin rangwamen haraji na gwamnatin tarayya, wanda sharaɗinsa sai mai ƙaramin samu zai shiga. Da aka zo rabo, albashin malami ya ɗara iyakar da aka gindaya, alhali a kasuwa bai isa haya ba. Gidajen suka tafi ga masu dafa abinci, masu shara da mataimakan aji. Wallahi ba na ganin wannan asara ce, su ma bayin Allah ne da makaranta ba ta tafiya sai da su, kuma sun fi kowa matsuwa. Amma matsalar da aka tashi magancewa, wato guduwar malamai, tana nan inda take.

A Daly City, kudu da San Francisco, hukumar Jefferson Union ta bi wata hanya. Ta je wa masu zaɓe a 2018 suka amince ta ciyo bashin dala miliyan 33, ta haɗa da wasu kuɗin, ta gina gidaje 122 a filinta, aka buɗe a 2022. Tunda ba ta karɓi kuɗi mai sharaɗi irin na Los Angeles ba, ita ta tsara wanda zai shiga, hayar kuma ta yi ƙasa sosai da ta kasuwa. Tun daga lokacin, duk takardar da aka kawo mini, shafin kuɗi nake fara buɗewa kafin zanen gini.

Sayar da filin makaranta kuwa ban taɓa samun natsuwa da shi ba. Dokar jihar ta tanadi kwamitin mutum 7 zuwa 11 na al'umma da zai duba kafin a ayyana fili a matsayin rara, kuma na ga hikimar hakan. Unguwar da ta tsufa yau, idan aka cika ta da sababbin gidaje, yara za su dawo, kuma filin da aka sayar ba ya sake sayuwa da kuɗin hukuma. Ba da haya na dogon zango ya fi, fili na nan a hannun makaranta.

Idan na ji ana kwatanta wannan da shagunan da aka danna a jikin katangar makarantu a Kano, raina yakan ɓaci. Su can Kalifoniya yara ne suka yi ƙaranci. Mu nan aji ɗaya sai ka tarar da yara sun haura ɗari a zaune a ƙasa, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa fili a hannun gwamna, iyayen unguwa ba su da kwamitin da dole sai an tuntuɓa kafin a yanka filin wasan 'ya'yansu.